Yadda Ake Haɗa Kayan Kwana a Tantin Alfarma a Dajin Masai Mara

Wanda ya biya kuɗin kwana uku ko huɗu a sansanin alfarma a Masai Mara ba ya buƙatar tabarma ko tukunya. Tantin da za a sauke shi ɗaki ne cikakke, bangonsa ne kawai na tamfol. Akwai gado da katifa da bargo, akwai banɗaki mai ruwan zafi a ciki, akwai mai girki, akwai mai wanki. Abin da ke ba baƙo wahala shi ne yawan kayan da ya jibgo. Ƙananan jiragen da ke kwasar mutane daga filin jirgin Wilson na Nairobi zuwa cikin dajin kilo 15 suke yarje wa kowane fasinja, har da jakar hannu, kuma dole jakar ta zama mai taushi. Mu da muka saba tashi daga Kano ko Abuja da manyan akwatuna biyu, wannan ƙa'ida takan zo mana a ba-zata. Duk shirin da zan bayyana a kan kilo 15 ɗin nan ya ginu.

Ka san wurin kaɗan kafin ka zaɓi abin sawa. Masai Mara gandun namun daji ce a gundumar Narok, a kudu maso yammacin Kenya, ta haɗa iyaka da gandun Serengeti na Tanzaniya. Tudu ce, tsayinta daga teku ya haura mita 1,500. Shi ya sa duk da kusancinta da tsakiyar duniya, da asuba awon sanyi yakan sauka zuwa digiri 12 a ma'aunin Selshiyos ko kusa da haka, da rana kuma ya hau 26 zuwa 28. Ana fita kallon dabbobi sau biyu a rana, da misalin shida na safe da kuma huɗu na yamma, a mota buɗaɗɗiya. Sanyin asuba, ƙura, da zafin rana: waɗannan ukun kake yi wa shiri.

Kayan da za ka tanada

- Jakar yadi mai zif, irin ta 'yan ƙwallo, tsawonta santimita 60 zuwa 70, ba taya, ba ƙarfe a gindi
- Ƙaramar jakar goyo da za ka riƙa shiga mota da ita
- Sikelin hannu na auna jaka, ko sikelin auna mutum
- Ƙananan jakunkunan yadi huɗu ko biyar na rarraba kaya
- Ƙananan kwalabe masu murfin murɗawa na juye man shafawa
- Jakar takardu mai zif
- Ƙaramin kwado
- Takarda da biro na rubuta lissafin kaya

Mataki na 1: Tambayi sansanin kafin ka taɓa jaka

Amsar da sansanin zai ba ka ita za ta rage maka rabin kaya. Aika musu saƙo, ko ka sa wakilin da ya yanka maka tikiti ya tambayar maka, kuma ka nemi amsa a rubuce.

Suna wanki kullum? Yana cikin kuɗin da ka biya? Yawancin sansanonin alfarma suna karɓar wanki da safe su dawo da shi washegari, in rana ta fito. Da yawansu ba sa wanke kamfai da sauran kayan ciki, sai dai su ajiye maka garin sabulu a banɗaki ka wanke da kanka. Akwai soket a cikin tanti, ko sai a babban tantin cin abinci ake caji? Akwai madubin hangen nesa a mota, kuma guda nawa? Kuɗin shiga gandun yana cikin abin da ka biya? Wannan tambaya tana da nauyi, domin a farashin da gundumar Narok ta sa a 2024, baƙo babba daga ƙasar waje yana biyan dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. In da yara za ka je, tambayi ƙarancin shekarun da suke karɓa, don sansanoni da yawa ba su da shinge kuma ba sa karɓar ƙananan yara.

A cikin saƙon nan ne za ka faɗa musu cewa naman halal kake ci, ba ka cin alade, ba ka shan giya. Daga Nairobi ko Narok ake kawo musu cefane, don haka wanda ya bari sai ya zauna a teburi sannan ya faɗa, kifi da ganye zai yi ta ci har ya koma. In ka sanar da wuri, sukan shirya ba tare da wata matsala ba.

Mataki na 2: Takardu da rigakafi

Fara wannan aƙalla wata guda kafin tafiya. Fasfo ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare, da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka allurar jajibirin tafiya ba ta da amfani. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma katin ake dubawa, ba bakinka ba. A Najeriya ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayar da shi.

A Janairun 2024 Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga da ake nema ta intanet, a 2025 kuma ta sassauta wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka. Duba shafin hukumar shige da ficen Kenya a satin da za ka tafi, ka bi abin da ya ce game da fasfonka.

Buga tikitin dawowa, da takardar sansani, da tikitin ƙaramin jirgi a kan takarda. Ɗauki hoton kowacce a waya kuma. Ka yi inshorar tafiya wadda ta ƙunshi ɗauko marar lafiya da jirgi daga daji. AMREF Flying Doctors, waɗanda ke da mazauni a filin jirgin Wilson, suna sayar da irin wannan kariya ta 'yan kwanaki ga baƙi, wasu sansanonin ma sukan haɗa ta cikin kuɗinsu. Babban asibiti yana nesa da dajin. Ni ba na yarda in raka dattijo ko mai hawan jini ba tare da ita ba.

Kuɗi kuwa, riƙe dala sababbin bugu, marasa yagewa ko rubutu, don tsofaffi ana ƙin karɓarsu. Nemi 'yan ƙanana, ta 5 da ta 10 da ta 20, saboda tukuici. Abin da aka saba shi ne dala 10 zuwa 20 a rana daga kowane baƙo ga direban da ke yi masa jagora, da kwatankwacin haka a akwatin sauran ma'aikata. Canza ɗan abu zuwa shilin na Kenya a Nairobi. Kada ka dogara da katin naira kaɗai.

Mataki na 3: Jakar kanta

Jirgin da aka fi amfani da shi, Cessna Caravan, mutum goma sha biyu ko kusa da haka yake ɗauka, kuma ana cusa kaya ne a wani siririn rumbu da ke ƙarƙashin cikinsa. Akwati mai tauri ba ya lanƙwasa, ba ya shiga. Jaka mai taya da sandar ja ma ba ta da kyau, don ƙarfen nan kaɗai ya cinye kilo biyu zuwa uku. Jakar yadi mai kyau ba ta wuce kilo ɗaya da rabi.

In ba ka da ita, jakar goyo babba marar ƙarfe ta wadatar. Jakar Gana-mas-go ba mafita ba ce: zif ɗinta ba ya jure cusawa, kuma akwai manyan kamfanonin jirage da suka daina karɓar ta.

In kuma ka ga kilo 15 ba za ta ishe ka ba ko ta yaya, hanya biyu ce. Ko ka sayi ƙarin kujera a jirgin saboda kaya, ko ka tafi ta mota, tafiyar awa biyar zuwa shida daga Nairobi ta garin Narok. Jirgi ƙasa da awa ɗaya yake yi, ya sauke ka a ɗaya daga cikin ƙananan filayen dajin irin su Keekorok, Ol Kiombo ko Musiara.

Mataki na 4: Tufafi

A nan ake cin nasara, a nan kuma ake faɗuwa. Tunda akwai wanki, kayan kwana uku sun isa tafiyar kwana uku, sun kuma isa ta mako guda: ɗaya a jiki, ɗaya wajen mai wanki, ɗaya a jaka.

Fara da kala. Zaɓi ruwan ƙasa, kaki, ruwan toka, da kore mai duhu-duhu irin na ganye. Fari ba ya kai tsakar rana sai ya rine da ƙura, kuma yana ɗaukar ido daga nesa. Baƙi da shuɗi mai duhu suna janyo ƙudan tsando. A buɗaɗɗen filin Mara ƙudan ba shi da yawa kamar a wasu dazuzzukan Tanzaniya, amma yana nan a wuraren da itatuwa suka yi duhu, cizonsa yana ratsa siririn yadi, kuma da zafi. Kaya masu zanen kakin soja ka bar su gaba ɗaya. Kamar yadda yake a gida, farar hula ba ya sa su a ƙasashe da yawa na Afirka ba tare da ya jawo wa kansa tambayoyi ba.

Sai maganar sanyi, wadda baƙi daga ƙasa mai zafi suka fi rainawa. Awo 12 a rubuce ba wani abu ba ne, amma a mota buɗaɗɗiya mai gudu kafin rana ta fito, kamar hawa bayan akori-kura ne da asubar hunturu a hanyar Jos. Zuwa ƙarfe tara kuma sai ka ji kana neman tuɓewa. Babbar riga guda mai kauri ba ta magance wannan, don ko ka sa ta ka yi gumi, ko ka cire ta ka yi rawar ɗari. A jere ake sawa: singileti ko ƙaramar riga a ciki, riga mai dogon hannu a kai, suwaita a kanta, sannan jaket marar nauyi mai tare iska. Rana tana ɗagawa kana zare ɗaya bayan ɗaya kana turawa cikin jakar goyo. Sansani yakan sa bargo a mota, wasu har da robar ruwan zafi ta ɗumama cinya, amma kunne da yatsu kai za ka yi musu tanadi.

Ga namiji: wando uku masu ɗan kauri, riga mai dogon hannu uku, ƙananan riguna uku, suwaita ɗaya, jaket ɗaya, hular sanyi, safar ƙafa ƙafa huɗu, kayan ciki biyar, kayan barci masu ɗumi. Don cin abincin dare, kaftani ɗaya marar nauyi da hula ya yi kyau ƙwarai, kuma ba wanda zai fi ka fita. Babbar riga da shadda mai sitaci su zauna a gida: sun yi nauyi, kuma mai wankin daji ba bugu yake yi ba. Rawani ko hirami kuwa yana da aiki uku, ya tare ƙura a hanci, ya rufe wuya da asuba, ya lulluɓe kyamara in mota ta tayar da ƙura. Kada ka tafi ba shi.

Ga mace, Hajiya, shawarata ita ce ki ajiye baƙar abaya da dogon hijabi mai jan ƙasa. Motar tana da tsawo, ana taka mataki biyu ko uku kafin a hau, kuma yadi mai yawa yana maƙalewa a ƙarfe, iska kuma tana kaɗa shi. Doguwar riga mai faɗi zuwa ƙasan gwiwa, da wando mai yalwa a ƙarƙashi, da hijabi madaidaici mai ruwan ƙasa ko toka, sun rufe jiki tsaf kuma sun ba ki damar motsi. Saiti uku. Ƙara hula mai kama kai a ƙarƙashin hijabin saboda iska, da mayafi mai kauri guda na asuba. Hanyoyin dajin suna da gargada sosai, don haka rigar mama mai kama jiki ta fi daɗin zama. Atamfa ko abaya ɗaya mai sauƙi ta isa zaman dare. Kitso kafin tafiya ya fi, domin wutar sola ta yawancin sansanoni ba ta ɗaukar na'urar busar da gashi.

Takalmi biyu kawai: kambas rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da silifas na cikin tanti da alwala. Babban takalmin hawa dutse ba shi da amfani sai in an shirya maka yawon ƙafa. Ƙara malafa ko hula mai baki wadda ke da igiyar ɗaurewa a haɓa, don wadda ba ta da igiya iska za ta ɗauke ta, kuma ba a sauka daga mota a tsakiyar zakuna don ɗauko hula. Sai tabarau na rana.

Lokacin tafiya yana ɗan canza lissafin. Daga Yuli zuwa Oktoba ne garken nyumbu, dabbar nan mai kama da siririyar ɓauna, fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, suke tsallako kogin Mara daga Serengeti. Lokacin ne sanyi da ƙura suka fi yawa, sai ka ƙara safar hannu. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu damina ce babba, a Nuwamba kuma akwai ƙarama. A waɗannan watanni jaket ɗinka ya zama mai hana ruwa, ka ƙara safa, don wanki yakan yi kwana biyu bai bushe ba.

Mataki na 5: Kayan ibada da tsarki

Sallaya siririya ta matafiya, mai naɗewa ta shiga aljihun jaka. Carbi. Ƙaramar butar roba, domin banɗakin tanti irin na Turawa ne, takarda ake ajiyewa, ba kowanne ke da tiyon ruwa ba. In butar ta yi maka girma, gorar ruwa mai dogon baki ta biya buƙata. In ka ɗauki butar, cusa safa a cikinta don kada ta ci wuri a banza.

Alƙibla a can ba gabas take ba. Daga Masai Mara Makka tana arewa, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya bi al'adar gida ya fuskanci mafitar rana ya kauce nesa. Sauke manhajar alƙibla da ta lokutan salla wadda ke aiki ba intanet, ko ka riƙe ƙaramin kamfas. Agogon Kenya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu. Rana tana fitowa wajen shida da rabi, ta faɗi bayan shida da rabi na yamma kusan duk shekara, don haka Asuba tana samunka a tanti kafin fita, Azahar a lokacin hutu. La'asar da Magariba ne ke karo da fitar yamma. Ba a sauka daga mota sai inda jagora ya amince, saboda haka ka fita da alwalarka, ka gaya masa tun farko kana son tsayawa a wuri amintacce. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa, ka ji ta bakin malaminka kafin ka bar gida.

Mataki na 6: Magani da kayan shafa

Duk maganin da kake sha kullum, na hawan jini, na suga, na asma, ɗauki na kwanakin tafiya da ƙarin na kwana biyar, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. Babu kemis a dajin. Mai allurar insulin ya tambayi sansanin firji tun a saƙon farko.

Akwai zazzaɓin cizon sauro a yankin. Kada ka ce ai ka saba da shi a gida. Ga likita kafin tafiya, musamman saboda yara, da mai juna biyu, da wanda ya daɗe yana zaune a Turai. Ɗauki man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ƙara farasitamol, gishirin gudawa na ORS, maganin ƙaiƙayi, filasta, da maganin amai ga wanda jirgi ke juya wa ciki, don ƙaramin jirgi yana girgiza da rana.

Sabulu, tawul, da man wanke gashi suna can, kada ka ɗauka. Abin da za ka kai shi ne buroshi da man goge baki ko asuwaki, man kaɗanya ko basilin saboda leɓe da dunduniya, da man kariyar rana. Baƙar fata ma tana ƙonewa a wannan tudu, hanci da bayan hannu ne ke fara nunawa. Juye komai a ƙananan kwalabe, ka murɗa murfin da kyau. Duk ruwa-ruwan da zai shiga jakar hannu a babban jirgi kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Mata su taho da audugar al'ada isasshiya. Mai tabarau na magani ya riƙe na biyu.

Mataki na 7: Waya, caja da madubin hangen nesa

Soket ɗin Kenya mai baki uku ne masu kusurwa, irin na Najeriya da Gana, don haka cajarka za ta shiga. Wanda ya taso daga Nijar, Kamaru ko Chadi da caja mai zagayayyen baki biyu yana buƙatar adafta. Fawa bank ɗaya mai kyau ta isa, kuma ita da duk batirin kyamara a jakar hannu suke tafiya, dokar jirage ba ta yarda a sa su cikin kayan da ake aunawa ba. Ɗauki ƙaramar tocila, ta ɗaurawa a goshi ta fi.

In da abu ɗaya da zan roƙe ka kada ka yi wa rowar kilo, madubin hangen nesa ne. Damisa a kan reshe ko karkanda a gindin tudu, da ido kawai ɗigo za ka gani, wayar hannu kuma ba ta kamo su. Mai lamba 8x42 ya fi dacewa, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Kowa da nasa ya fi, domin kafin a miƙo maka na wani, abin kallon ya wuce. In ba ka da shi, ara wajen aboki ko ka tabbatar sansanin zai ba ka. Mai kyamara ya ƙara katin ajiya da batiri na biyu da ƙyallen goge gilashi, ya guji canza gilashin kyamara a cikin ƙura.

Mataki na 8: Abin da ba ya shiga jaka

Leda. Kenya ta haramta ledar zuba kaya tun Agustan 2017, a Yunin 2020 kuma ta hana shiga gandun daji da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Zazzage kowace leda, har da wadda aka ba ka a shagon filin jirgi da wadda aka naɗe takalmi a ciki. Sansani zai ba ka gorar ƙarfe ta ruwan sha.

Turaren wuta, kasko, gawayi, da maganin sauro na kunnawa. Tanti yadi ne, kewaye da busasshiyar ciyawa. Wannan ba abin sassauci ba ne ko kaɗan. Turaren jiki mai ƙarfi ma a rage shi, ƙaramar kwalba ɗaya ta zaman dare ta isa.

Kilishi da dambun nama. Shiga wata ƙasa da nama yana da dokokinsa, kuma ƙanshinsa a cikin tanti gayyata ce ga birai, tururuwa, har da kura. Wanda bakinsa ba ya jin daɗin abinci sai da yaji, ya zuba kaɗan a ƙaramin gwangwani mai murfi ya ba mai girki ya ajiye masa.

Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ba a tashinsa a gandun ba tare da izini ba. Gwala-gwalai, dutsen guga, butar lantarki, da kwamfuta in ba aiki ya tilasta ba, duk su zauna.

Mataki na 9: Shiryawa da aunawa

Kwana uku kafin tafiya, baza komai a kan gado ka bi lissafinka ɗaya bayan ɗaya. Ware abin da za ka sa a jiki ranar shiga ƙaramin jirgi: kambas, wando mafi nauyi, suwaita da jaket. Abin da ke jikinka ba ya cikin kilo 15.

Naɗe tufafi kamar tabarma maimakon ninkewa, sun fi cin ƙaramin wuri kuma ba sa yamutsewa sosai. Rarraba su a ƙananan jakunkunan yadi: riguna daban, kayan ciki daban, magani daban, wayoyin caja daban. Bar jaka ɗaya ba komai saboda kayan datti. Silifas a ƙasa, tufafi a tsakiya, kwalabe a tsakanin tufafi inda ba za a matse su ba. Abin da zai fashe kada ya shiga babbar jaka, don danna ta ake yi a rumbun jirgi.

Yanzu auna jaka biyun tare. In sikelin mutum gare ka, hau kai kaɗai, sake hawa riƙe da jakunkunan, ka ɗebe nauyinka. Lissafi mai kyau yakan zo kamar haka: jaka kilo ɗaya da rabi, tufafi biyar zuwa shida, magani da kayan shafa ɗaya da rabi, kayan lantarki da madubi biyu zuwa uku, tarkace ɗaya. Nufi kilo 13. Sikelin gida da na filin jirgi ba sa cika daidaituwa, kuma za ka so wurin tsaraba. In ka haura, fara cire takalmi na uku, riga ta huɗu, da manyan kwalabe. Magani da suwaita ba a taɓa su.

Mataki na 10: Rabon kaya a Nairobi

Babban jirgi a filin Jomo Kenyatta yake sauka, ƙaramin kuma daga Wilson yake tashi, wani filin daban a cikin birnin, kuma cunkoson Nairobi ba abin wasa ba ne. Bar tazarar awa huɗu tsakaninsu, ko ka kwana a gari. In tafiyarka ta haɗa da Mombasa ko sayayya, zo da babban akwatinka, ka sa jakar yadin a shirye a cikinsa. A Nairobi sai ka zaro ta, ka bar akwatin a otal ɗinka ko a ma'ajiyar kamfanin ƙaramin jirgin, Safarilink ko AirKenya, bayan ka tabbatar da tsarinsu tun kafin ranar. Karɓi shaidar ajiya.

A jakar goyo kuwa: fasfo da katin rigakafi, kuɗi, magani, waya da caja, madubin hangen nesa, tabarau, hirami, man leɓe, da riga ɗaya ta canji. Sau da yawa motar da ta tarye ka a filin daji kallon dabbobi take farawa da kai tun kafin ku isa sansani, babbar jakar kuma tana baya a ɗaure.

Mataki na 11: A cikin tanti, da ranar dawowa

Kana isa, sa fasfo da kuɗi a akwatin ajiya na tanti, ko ka damƙa wa manaja. Ja zif ɗin tanti har ƙasa duk lokacin da ka fita, ka maƙala ɗan kwadon nan, domin birai sun iya buɗe zif. Kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa. Kowane dare shirya kayan safe a kan kujera, da tocila kusa da gado, don a cikin duhu za a tashe ka da shayi. Bayan faɗuwar rana ba a fita daga tanti sai da rakiyar mai gadi, yawanci ɗan ƙabilar Masai. Dorina da ɓauna suna kiwo har tsakanin tantuna. Za a nuna maka yadda ake kiransa, da tocila ko da rediyon hannu.

Bayar da wankin ƙarshe kwana biyu kafin tashi, kada ka naɗe ɗanyen kaya. Ƙa'idar kilo 15 tana nan a dawowa, don haka tsarabar daji ta zama mai sauƙi: mayafin Masai mai ja da ake kira shuka, ko sarƙa da awarwaron duwatsun ado da matansu ke yi. Manyan sassaƙe-sassaƙe, ganyen shayi da kofi ka saya a Nairobi inda akwatinka yake jira. Ƙashi, ƙaho, haƙori, fata ko gashin tsuntsu da ka gani a ƙasa, bar shi inda yake. Dokar Kenya ta hana fita da kowane ɓangare na namun daji, hukuncinta mai tsanani ne, kuma ana bincika jaka a filin jirgi.